Na ɗiga wa kaska 150 jan farce, 2 kaɗai suka dawo: in ƙaro daga mayanka?

Tambaya

Assalamu alaikum Dakta, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ni ɗalibi ne a matakin digiri na biyu, aikina kuma shi ne ƙiyasta yawan kaskar Amblyomma variegatum a wani wurin kiwo ta hanyar sa alama da sake kamawa. A farkon watan Yuni na tara manya 150, kaɗan ta hanyar jan ƙyalle a kan ciyawa don su maƙale a jikinsa, mafi yawa na ciro su daga jikin shanun da ke kiwo a wurin. Na ɗiga musu jan farce a baya, na sake su a tsakiyar filin. Bayan kwana 10 na koma na ja ƙyalle, na kuma duba shanun, na samu 40, amma 2 ne kawai masu alama. Lissafi ya ba ni 3,000. Malamin da ke duba aikina ya ce bai gamsu ba, ga lokaci ya ƙure. Wallahi ko barcin kirki ba na yi. Jan farcen ne ya kashe su? Wani abokina ya ce in je mayanka ko kara in ba yara 'yan kuɗi su ciro mini kamar 1,000, in yi musu alama in saki, tunda dai fentin zai shaƙe su su mutu cikin 'yan kwanaki, ba za su cuci kowa ba. In yi hakan?

Amsa

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana, bari in fara da ta ƙarshe, don ita ce ke iya jawo asarar dabba, har ma ta rai: kada ka je mayanka, kada ka je kara, kada ka saki kaskar da ba a filin nan ka kamo ta ba. Ko guda ɗaya. Zan dawo kan wannan kuma zan daɗe a kai, sai ka yi haƙuri da ni. Sauran damuwarka mai sauƙi ce, digirinka bai lalace ba, ka koma ka yi barcinka.

Malaminka ya yi daidai da bai gamsu da 3,000 ba. Ka ninka 150 sau 40 ka raba da 2, lissafin Lincoln da Petersen ke nan, kuma ba ka yi kuskure a ciki ba. Amma duba yadda yake rawa. Da guda 1 ka samu mai alama, da amsar ta zama 6,000. Da 3 ne, da ta sauko 2,000. Wato kaska ɗaya tak, wadda wataƙila ta maƙale a ƙafar wandonka ba ka lura ba, ita ke ɗaga adadin ko ta sauke shi da dubbai. Gyaran Chapman na 1951, inda ake ƙara 1 a kan kowane adadi kafin a yi lissafin sannan a cire 1 a ƙarshe, zai ba ka wajen 2,063, kuma shi ya fi dacewa idan waɗanda suka dawo kaɗan ne. Sai dai shi ma ba zai fitar da kai ba. Muddin masu alamar da ka sake kamawa ba su kai 7 zuwa 10 ba, tazarar kuskuren za ta yi faɗin da ba za ka iya kare ta a gaban masu jarrabawa ba.

To ina sauran 148 suka shiga? Ina shakka ƙwarai a ce jan farce ne ya kashe su. Na fi zargin ƙyallenka. An ƙirƙiro jan ƙyalle ne saboda kaskar da ke hawa kan ciyawa ta miƙe ƙafafun gaba tana jiran mai wucewa, irin su Ixodes na Turai da Amurka, da kuma laba, wato 'ya'yan da suka ƙyanƙyashe daga ƙwai, masu taruwa a kan tsinin ganye. Ko a can ma ba wani abin kirki yake kwasowa ba: Daniels da Falco da Fish sun auna shi a jihar New York, a aikin da suka wallafa a 2000, suka ga jan ƙyalle bai kama ko kashi 10 cikin 100 na kaskar da ke wurin ba. Babbar Amblyomma variegatum kuwa, wadda Fulani ke kira koti, ba ta zaman jira a kan ciyawa. Tana ƙarƙashin busassun ganye ne da gindin ciyawa, sai ta ji numfashin dabba da warinta sannan ta fito da sauri ta bi. Hyalomma ma, wani jinsin kaska, ta fi ta a wannan hali. Ka ja ƙyalle ta kansu yini guda, suna nan kwance ba su motsa ba.

Sannan ka haɗa jama'a biyu da ba ɗaya ba ne. Kaskar da ke ƙasa ba ta ci komai ba tun da ta yi saɓa, da wadda ta riga ta kafa baki a hantsar saniya, halinsu ya bambanta. Bakin koti dogo ne, tana kuma ɗaure shi a cikin fata da wani abu mai ƙarfi daga yawunta, shi ya sa idan aka fizge ta sau da yawa tsinin bakin yakan karye ya zauna a ciki. Wadda bakinta ya karye ba za ta sake kama wata dabba yadda ya kamata ba, balle ka gan ta a jikin shanu bayan kwana 10. Duk lissafin nan a kan sharaɗi ɗaya yake tsaye: mai alama da marar alama su zama damar kama su ɗaya ce. Kai kuwa ka karya sharaɗin tun ranar farko. Ka ƙara da zuba su wuri ɗaya a tsakiyar fili, alhali kaska ba ta yawo da ƙafarta sai wani abu ya ja ta. Kamar ka zuba gishiri a gefe ɗaya na tukunya ne, ba ka juya ba, ka ɗanɗana ta ɗaya gefen ka ce miya ba gishiri. Kowace kaska a inda aka kama ta ake mayar da ita.

Kwana 10 a watan Yuni ma ya yi yawa. Lokacin ne manya ke ta fitowa da saukar damina, shanu na kwashe wasu kullum su tafi da su ruga, kaji da zabi da tururuwa na cin nasu rabo. Lincoln da Petersen na son jama'ar da ba shiga ba fita, don haka kwana 1 zuwa 3 ne, a cikin fili mai shinge. In kana son tsawon lokaci, sai ka koma tsarin Jolly da Seber na 1965, lissafin da ya yarda da shiga da fita, ka riƙa zuwa sau da yawa, kowace rana da launinta. Tun a shekarun 1930 Jackson ke yin kusan irin wannan da ƙudan tsando a Tanganyika, cikin Tanzaniya ta yau, da ɗigon fenti a bayan ƙuda, don haka ba sabon abu ba ne a nahiyar nan.

Jan farce kansa ba laifi. Ana amfani da shi, ana amfani da fenti mai sheƙi da alƙalamin fenti. Abin lura shi ne yawa da wuri. Ka manna salatif a kan katako, gefen manne yana sama, ka ɗora kaskar da hantsaki, ka tsoma tsinken sakace a fentin ka yi ɗigo ɗaya wanda bai fi kan allura girma sosai ba. Burushin da ke cikin kwalbar na farcen mutum ne, ya yi wa kaska yawa. A namiji garkuwar, wato ɓawon nan mai tauri, ta rufe bayan gaba ɗaya, kana da fili, har za ka iya raba shi gida huɗu ka yi lambobi da wurin ɗigon. A mace garkuwar ƙarama ce, can gaba, kuma a kanta kaɗai alama ke zama. Duk abin da ka ɗiga a wajen garkuwar zai tsage ya faɗi da zarar ta fara kumbura da jini. Kada fenti ya taɓa baki, ko idanun da ke gefen garkuwa, ko ƙafafun gaba inda gaɓar Haller take, domin da ita take jin wari da numfashi. Ka kuma bar launin ja da launin ruwan lemo: bayan namijin koti da ma adon ja-ja da ruwan tagulla gare shi, ɗigon ja zai ɓace a ciki, musamman idan kashin shanu da ƙura sun hau. Fari ko shuɗi sun fi fitowa. Ka bari ya bushe sarai kafin ka haɗa su a mazubi ɗaya, in ba haka ba za su manne wa juna su kuma shafa wa marasa alama, mazubin kuma a rufe shi da raga, kada warin fentin ya taru a ciki.

Nimf, wato matsakaiciyar da ke tsakanin laba da babba, ta yi ƙanƙanta ga ɗigo, garin hoda mai ƙyalli ake barbaɗa mata kaɗan, a neme ta da dare da tocilar nan ta duba jabun kuɗi. Ruwan sama na wanke shi, yana kuma gogewa ya hau wasu. Ko wace alama ka sa, ranar da ta yi saɓa ta tafi da tsohuwar fata. Laba kuwa ka manta da su. Sonenshine a Virginia, a shekarun 1960, sai da ya sa wa uwayen sinadari mai tururin nukiliya don 'ya'yan su fito da shi, wannan kuma ba aikinmu ba ne. Yanke ƙafa a matsayin alama ma ban yarda da shi ba, gurguwar kaska ba ta tafiya kamar lafiyayya.

Tambayarka ta ko fenti ya kashe su, da kanka za ka amsa ta, kuma da arha. Ɗauki 30 masu alama da 30 marasa alama, ka sa su a mazubai masu raga, ka ajiye a inuwa a gindin ciyawa a cikin filin nan, ka riƙa ƙirga matattu da waɗanda alamarsu ta faɗi kullum. In mutuwar ɗaya ce a ɓangarorin biyu, fenti ya fita daga zargi. Aikin da ba shi da wannan gwaji, ni ba na sa masa hannu.

Wajen kamawa, tarkon iskar CO2, irin wadda dabba ke fitarwa a numfashi, ya fi ƙyalle nesa ba kusa ba: busasshiyar ƙanƙara, wato daskararriyar iskar CO2, a cikin kula mai ramuka, a ɗora kan farin ƙyalle, a zagaye da salatif. Ga Amblyomma ɗinmu iskar kaɗai ba ta cika isa ba, sai an haɗa da warin da mazan ke fitarwa bayan sun yi kwanaki suna shan jini, wanda ke kiran sauran maza da mata su zo su kama kusa da su. Sinadarai uku ne a gaba a cikinsa: o-nitrophenol, methyl salicylate da nonanoic acid. Norval da Yunker da abokan aikinsu a Zimbabwe sun nuna cewa 'yar uwarta Amblyomma hebraeum na tahowa daga sama da mita 20 idan an haɗa biyun. Amma na san halin da ake ciki: busasshiyar ƙanƙara ba a kowane gari ake samunta ba, kafin ka kai ta daji rabi ya bi iska. Tarkon da ya fi kowanne a wurinmu saniya ce. Sai dai ka san inda za ka duba da lokacin da za ka duba. Stachurski, a cibiyar CIRDES da ke Bobo-Dioulasso a Burkina Faso, ya nuna cewa mafi yawan koti tsakanin kofato suke fara kamawa a lokacin kiwo, sai dabba ta kwanta da dare sannan su saki su hau hantsa da ƙirji da tsakanin cinyoyi. Daga wannan ne aka fitar da dabarar kwarmin tsoma ƙafa a maganin kaska da yamma idan garke ya dawo. In da rana ka duba hantsa kawai, kamun ranar bai iso can ba tukuna. Da la'asar ake ɗaga ƙafa a buɗe kofato a duba, kafin su kwanta.

Yanzu ga abokinka.

Maganarsa ita da kanta ta ci kanta. In da gaske fenti na kashe su cikin 'yan kwanaki, to aikinka banza ne, don matacciyar kaska ba ta dawowa a ƙirga ta. In kuwa ba ya kashe su, to kaska 1,000 masu rai ka kai wa mutane wurin kiwonsu. Gaskiyar kuma ita ce ta biyun. Ƙofofin numfashin kaska suna gefen ciki ne, bayan ƙafafu na huɗu, ina ruwansu da ɗigon da ke kan garkuwa? Ko da ka toshe su ma, kaska na rufe su da kanta ta daɗe, numfashinta kaɗan ne ƙwarai. Halittar da ke iya kwana watanni da yawa a gindin ciyawa ba ci ba sha, ita ce jan farce zai shaƙe? Tun 1985 Needham a Amurka ya gwada wannan camfi a kan kaskar da ta kama dabba: ya shafa basilin, ya shafa jan farce, ya zuba barasar asibiti, ya ɗora ashana mai zafi, babu wanda ya sa ta saki. Amma har yau kusan kullum sai na ji wannan magana, daga ɗalibai, daga masu sayar da maganin dabbobi a kasuwa, har daga waɗanda suka sa farar riga. Wannan ya ce kananzir, wancan ya ce baƙin mai. Kowa malami ne a kan kaska.

Ka tsaya ka yi tunanin abin da zai kasance a cikin robar da yaran mayanka za su miƙo maka. Shanun da ake yankawa a manyan garuruwanmu daga ina suke? Daga Potiskum, Maigatari, Mubi, Illela, kasuwannin da ke tara dabbobi daga Nijar da Chadi da Kamaru. Yaro ba zai tsaya tantance maka jinsi ba, duk abin da hannunsa ya kai zai cira, kuma manyan da suka ƙoshi zai fi zaɓa don su suka fi cika roba. Za ka samu koti, ka samu Hyalomma, ka samu Boophilus iri-iri. Macen koti da ta ƙoshi sosai na iya zuba ƙwai sama da 10,000, wata har kusan 20,000. A ce 10 kawai a cikin dubun nan suka kai ga yin ƙwai, ka zuba laba sama da 100,000 a filin da ba naka ba. Fentinka ba ya shiga ƙwai. Ba za ka gan su ba, ba za ka ƙirga su ba, ba za ka iya kwashe su ba.

Kuma ba hannu sake suke zuwa ba. Koti ce ke ɗauke da ƙwayar cutar Ehrlichia ruminantium, mai sa ruwa ya taru a jakar zuciya. Wanda ya taɓa ganin tunkiya da zazzaɓi mai zafi, tana zagaye wuri ɗaya, ta faɗi tana harba ƙafafu kamar mai tuƙa keke, kafin gari ya waye ta mutu, ba ya wasa da wannan cuta. Nau'o'inta da yawa ne, kuma garkuwar jikin da dabba ta samu daga na yankinta ba lallai ta kare ta daga baƙon nau'i ba. Tumaki da awaki da shanun madara masu jinin Turai su ke fara faɗuwa. Koti ce kuma ke buɗe wa kirci hanya ya yi tsanani har fata ta lalace, hantsa ta mutu. Boophilus na ba 'ya'yanta ƙwayar cutar Babesia tun daga ƙwai, sai ka ga fitsarin jini ya ɓulla a garken da bai san shi ba. Sannan akwai juriyar magani, wadda gado ce: kaskar da kakanninta suka sha magungunan kaska irin su amitraz da saifametirin a wani yanki har suka daina jin su, ka kawo ta ta haɗa iri da ta nan, makiyayi ya yi ta sayen magani yana feshi ba ya ganin sauƙi.

Kada ka ɗauka tsoratarwa ce kawai. Kotin nan tamu ta bi shanun Senegal a jirgin ruwa ta sauka Guadeloupe tun zamanin mulkin mallaka, har yau can kaskar Senegal suke ce mata. Ta bazu a tsibiran Karebiyan da cututtukanta, aka kafa shirin kawar da ita a 1994, aka yi shekara fiye da 10 ana kashe kuɗi, ba a gama da ita ba. Rhipicephalus microplus kuma, wadda ta fi kowace kaskar shanu saurin jure magani, an fara ganinta a Afirka ta Yamma a Kodebuwa a 2007, bayan shigo da shanu daga Brazil. Ta bazu a yankin, an kuma tabbatar da ita a Najeriya. A ido da ƙyar ake bambanta ta da Boophilus ɗinmu na gida. Waɗancan duk bisa kuskure suka biyo dabba. Kai kuma ana ce maka ka ɗauko da hannunka, a roba, a kan babur.

Ban ma zo kan mutane ba. Yaran da za ka ba 'yan kuɗi, da me za su cira? Da yatsu. In ta ƙi fita su murɗe, in ta fashe su goge jinin a riga. Hyalomma ce ke yaɗa zazzaɓin zubar jini na Kirimiya da Kongo, kuma murƙushe kaska da hannu, da taɓa jinin dabba mai ɗauke da ƙwayar, suna cikin sanannun hanyoyin kamuwa. Saniya ba ta nuna alamar komai, lafiyarta ƙalau a ido. A mutum kuwa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yana kashe kashi 10 zuwa 40 cikin 100 na waɗanda suka kamu. Ba baƙuwar cuta ba ce a ƙasar nan: tun a shekarun 1960 aka ware ƙwayarta a ɗakin bincike a Ibadan daga dabbobi da kaska. Koti ita ma tana ɗauke da ƙwayar cutar Rickettsia africae, tana ba 'ya'yanta ta ƙwai, nimf da laba kuma na cizon mutum. Sai zazzaɓi da ciwon kai da baƙin tabo a wurin cizon, a je kemis a yi ta shan maganin maleriya da na taifod. Ɗan wani ne za ka tura ya yi maka wannan aiki, uwarsa ba ta sani ba, a kan kuɗin da bai kai na kati ba. Kai kanka ina fata da safar hannu da hantsaki ka ciro 150 ɗin nan, wando a cikin safa, ka kuma duba jikinka da ka dawo.

Bayan duk wannan haɗari, me za ka samu? Babu. Baƙin kaska masu karyayyen baki, rabi a ƙoshe, ba za su gaya maka yawan 'yan gida ba. Garin gyaran gira za ka rasa ido. Na san za a ce ai a takardun Turawa ana sakin kaska dubbai. Ka karanta sashen hanyar aiki da kyau. Ko dai a wurin aka kamo su aka mayar, ko kuwa a ɗakin bincike aka raine su a kan dabbobi masu tsabta, ba su ci ba, aka sake su a cikin shinge da izini a rubuce. Babu wanda ya je mahauta da roba.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne irin wannan tsari yakan wuce ta gaban kwamitin ɗa'a ba wanda ya ɗaga gira. A duba ko an biya kuɗin fom, a duba ko an sa hannu a shafi na uku, fayil ya yi watanni a kan tebur, a buga hatimi. Tambaya ɗaya da ta kamata a yi, wato daga ina kaskar za ta fito kuma filin wa za a sake ta, ba mai yi. Hatimin nan ba zai biya wa makiyayi tunkiyarsa ba. Akwai kuma masu shagon rubuta wa ɗalibai aiki, waɗanda za su ce maka ka mayar da 2 ta zama 20, wa zai sani. Allah ya sani, ni ma in aka kawo mini zan gane, don adadin ƙarya yakan yi kyau fiye da kima. Wani zai zo ya ɗora shirin feshi a kan lambar da ka ƙaga. Ɗana, dabbar nan da kake gani ita ce bankin mai ita, ita ce sadakin ɗansa, ita ce kuɗin asibitin matarsa. Amana ce ya bar ka ka shiga garkensa. Wanda ya kai wa mutane cuta da saninsa don ya samu takarda, ya san akwai ranar da za a tambaye shi, kuma ba kwamitin jami'a ne zai yi tambayar ba.

Kafin ka koma filin ma, je ka wurin arɗo da mai unguwa ka zauna da su. Ka nuna musu kaskar da fentin, ka ɗiga a gabansu, ka faɗa musu dalili. In makiyayi ya wayi gari ya ga kaska mai shuɗin baya a hantsar saniyarsa ba wanda ya gaya masa komai, kafin azahar labari ya zama an yi wa garke asiri ko gwamnati ta saki cuta, kuma duk maraƙin da ya mutu a daminar nan a wuyanka yake. Ɗaliban da za su zo bayanka ma sun rasa wurin aiki.

Ga mafita, kuma tana cikin lokacin da ya rage maka in har damina ba ta yi nisa ba. Ka bar ƙiyasin fili gaba ɗaya, ka koma kan dabba. Zaɓi shanu 10 zuwa 15 na gida a garke ɗaya, da yardar mai su. Ranar farko ka yi wa duk kotin da ke jikinsu alama a inda suke, ba tare da ka cire ko ɗaya ba, ka zana taswirar jikin kowace saniya ka nuna wurin. Bayan kwana 2 ko 3 ka dawo: duk marar alama sabuwa ce, ka ba ta launin ranar. Mazan kan zauna a jiki watanni, matan su ƙoshi su faɗi cikin mako ɗaya zuwa biyu, don haka masu alamar da za ka sake gani ba 2 ba ne, ɗaruruwa ne. Daga nan za ka fitar da yawan da ke hawa kowace saniya a rana, da tsawon zaman mace, da yadda suke taruwa inda maza suka riga su, da saniyar da ta fi jan su a garke. Wannan ya fi 3,000 ɗinka amfani ga mai shanu, don shi ke faɗa masa tazarar da ta kamata tsakanin magani da magani. Ka riƙa auna zafin jikinsu, wadda ta nuna zazzaɓi ko rauni ya yi mata yawa ka fitar da ita daga gwajin a yi mata magani nan take. Aikinka na Yuni kuma kada ka ɓoye shi, ka rubuta shi a matsayin gwajin farko, da 2 ɗinsa, da dalilan da suka sa ya gaza.

Ranar da ka kammala, a yi wa shanun duka maganin kaska da kuɗinka. Waɗanda ka cire su shiga kwalbar itanol, wato barasar ɗakin bincike, mai ƙarfin kashi 70, da takardar rana da wuri da lambar saniya a rubuce da fensir a ciki; kada a yar da su a ƙasa, kada a watsa wa kaji. Duk wadda ka yi shakkar jinsinta, musamman Boophilus, ka aika da ita ɗakin binciken da ke da madubi da mai ido, irin na cibiyar binciken dabbobi ta ƙasa da ke Vom, a tantance maka kafin ka rubuta suna.